Me ke hana wasu kamfanonin ƙananan bindigogi ture Glock da SIG a kasuwar Amurka?

Bakatsine_92:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata ga masu bibiyar harkar ƙera makamai ce. Amurka ita ce babbar kasuwar ƙananan bindigogi ta farar hula a duniya, amma sunaye kaɗan ne ke cin kasuwar: Glock, SIG Sauer, Smith & Wesson, sai Ruger da Taurus a ɓangaren masu sauƙin kuɗi. Alhali duk mai karanta sakamakon gwaje-gwaje ya san Walther PDP da CZ P-10 C da HK VP9 ba su gaza Glock 19 a inganci ba. Da yawa ma sun yarda kunamar Walther ta fi ta Glock daɗin ja nesa ba kusa ba. To me ke danne su? Ni dai a ganina talla ce kawai da farin jini.

Injiniya_MK:
Wa alaikumus salam Malam Bakatsine. Talla na da nata rabon, amma tana can ƙasa a jerin dalilai. Ka duba lokacin da Glock ta shigo. Sojojin Austriya sun karɓi Glock 17 a 1982, kamfanin ya buɗe reshe a Smyrna ta jihar Jojiya a 1985. A Afrilun 1986 aka yi musayar wutar nan ta Miami inda jami'an FBI biyu suka mutu, kuma daga nan rundunonin 'yan sanda suka fara gaggawar ajiye bindiga mai juyi mai cin harsashi 6. Glock ta zo musu da mai cin 17, marar nauyi, mai sassa 34 kacal, kuma jan kunamarta iri ɗaya ne daga harbin farko zuwa na ƙarshe, wajen kilo 2.5. Ga wanda ya saba da mai juyi, wannan ya sauƙaƙa horo ƙwarai, domin babu wani makulli na waje da zai tuna ya buɗe.

Sai dabarar ciniki. Suna karɓar tsoffin bindigogin runduna su ba ta sababbi a farashi mai rahusa, su kuma tsoffin a sayar wa dillalai. Ƙera jikin roba ya fi sassaƙa ƙarfe arha sosai, shi ya sa suke iya rage farashi su kuma ci riba. Kamfanin da kansa yana cewa kusan kashi 65 cikin ɗari na rundunonin 'yan sandan Amurka nasa suke riƙewa. Farar hula kuwa abin da ya gani a ƙugun ɗan sanda shi yake nema a shago.

DanDamagaram:
Ai dole, su ne suka fara ƙera bindigar roba a duniya.

Sarkin_Saiti:
A'a ɗan'uwa, gyara kaɗan. Heckler & Koch, wato HK, ne suka riga su da VP70 tun 1970, shekara goma sha biyu kafin Glock 17. Ba ta karɓu ba saboda kunamarta na da tauri da tsawon ja. Wannan ma yana cikin amsar tambayar Bakatsine: riga kowa fito da abu ba ya wadatarwa in bai dace da hannun mai saye ba, ko in lokacinsa bai yi ba.

Hajiya_Lissafi:
Ku bari in kawo muku lissafin da shugaban runduna ke yi, domin nan ne ƙananan kamfanoni ke faɗuwa tun kafin a harba harsashi ɗaya. A ɗauka runduna mai jami'ai 500 tana son barin Glock ta koma wata. Kuɗin bindigar kanta shi ne ƙaramin abu.

Kowane jami'i na buƙatar sabon kube na aiki mai makulli, irin na Safariland, kuma kube ɗaya yakan kai dala 150 ko fiye. Jami'ai 500 ke nan dala 75,000 a kube kaɗai. Kowa na ɗaukar gidan harsashi uku, wato 1,500, ban da na ajiya, kuma jakunkunansu na ɗamara wani lokaci su ma sai an sauya. Sai horon sauyi: kowane jami'i zai bar bakin aiki kwana ɗaya ko biyu, a biya wani kuɗin ƙarin lokaci ya tsaya a madadinsa, a ƙona harsasai ɗaruruwa a kan kowane mutum, sannan ya ci jarrabawar harbi da sabuwar bindigar. Sai masu gyaran makamai na runduna, a tura su kwas, a zubar da tsoffin kayan gyara a sayi sababbi. In kuma runduna ta tsaya a Glock, daga zubinta na 4 zuwa na 5 misali, waɗanda ake kira ƙarni na 4 da na 5, yawancin waɗannan kuɗaɗe ba su taso ba. Saboda haka sabon kamfani ba fin Glock kaɗan ake nema ya yi ba, sai ya fi ta da ratar da za ta biya duk wannan. Laushin kunama ba ya biyan dala dubu ɗari.

AbuHanif:
Hajiya ta taɓo inda gizo ke saƙar, wato kube. Mai yin kube na roba sai ya sami samfurin jikin bindigar kafin ya gasa robar a kai. Kuma ba samfuri ɗaya ba ne: akwai bindiga ita kaɗai, akwai ita da fitilar Streamlight TLR-1, akwai ita da SureFire X300, akwai mai madubin saiti a sama, akwai na bahago, akwai na cikin wando da na waje. Kowane haɗi kuɗi ne. Ƙaramin mai sana'a zai fara da Glock 19 da 17 da SIG P320 da P365 da ta Smith & Wesson mai suna M&P. Bindigar da ba ta da yawa a hannun mutane sai ya jira ya ga ko za ta yi kasuwa. Mai saye kuma ya shiga shago, ya ji bindigar ta yi masa daidai a hannu, ya tambayi kube a ce babu, sai ya ajiye ta ya ɗauki Glock. Ba a yi kube ba don ba a saya, ba a saya ba don babu kube. Kamfanin Steyr na Austriya ya daɗe cikin wannan tarkon.

Bakatsine_92:
To amma Malam AbuHanif, CZ P-10 C ai an ce tana shiga wasu kubben Glock 19. Me ya sa hakan bai ɗaga ta ba?

AbuHanif:
Tana shiga wasu, ba duka ba, kuma a kube mai makulli na aiki "kusan daidai" ba ya aiki. Ko makullin ya kama inda aka tsara ko bai kama ba. Babu rundunar da za ta yarda da kusan.

Injiniya_MK:
A ƙara da gidan harsashi. Na Glock na asali yana wajen dala 25 zuwa 30, na Magpul da ke shiga Glock bai kai dala 20 ba. Na HK da na SIG sukan kai 45 zuwa 50. Mai zuwa kwas ko gasa yana son guda shida zuwa goma, ka ga ratar ta zama kuɗin gaske. Sannan gidan harsashin Glock 17 yana shiga 19 da 26, kuma dogayen bindigogi masu cin 9mm na wasu kamfanoni da yawa an ƙera su ne su karɓi na Glock. Wanda ya tara guda goma a gida ya riga ya ɗaure kansa.

Haka kayan gyara. Sifirin ɗin da ke mayar da silayid, wato ɓangaren sama da ke ja da baya in an harba, ana so a sauya shi bayan harbi dubu uku zuwa biyar. Ƙugiyar fizgo kwanso tana lalacewa, sifirin ɗin fil ɗin bugu yana sanyi. Na Glock kowane shago na da su, 'yan daloli ne, kuma da ɗan tsinken ƙarfe ɗaya ake kwance ta. Kwas ɗin masu gyaranta yini ɗaya ne. Na wani kamfanin sai ka rubuta wa mai shigo da kaya, ka jira makonni. Kamar mai babur ne a ƙauye: zai sayi wanda kowane bakanike ke da kayansa, ko da akwai wanda ya fi shi lafiyar inji.

Ummu_Sadiq:
Duk wannan gaskiya ne, amma kada mu wanke kamfanonin tas. Wasu da hannunsu suka kashe kansu. Remington ta fito da R51 a farkon 2014, da tsarin kulle na John Pedersen na tsohuwar Model 51. Mutane suka yi ɗoki. Da ta isa hannun masu saye sai ƙorafi: harsashi na maƙalewa, silayid na cijewa. Kafin ƙarshen watan Yuli na shekarar aka dakatar da ita, ba ta dawo ba sai 2016, lokacin kuwa babu mai sauraro. Remington ta shiga fatara a 2018, ta sake a 2020.

Caracal ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ma haka. Wilhelm Bubits ne ya tsara ta, wanda ya tsara Steyr M. Masana sun yaba ƙasa-ƙasan bututunta da ke rage tsalle bayan harbi. A 2013 aka janye samfurin C gaba ɗaya saboda matsalar da ta shafi lafiyar mai harbi. A kayan da mutum ke dogara da shi don tsare ransa, janyewa ɗaya a shekarun farko ta isa.

Sarkin_Saiti:
Kar a manta Hudson H9. An nuna ta a baje kolin makamai na SHOT na 2017, ta haɗa kunama irin ta tsohuwar bindigar nan mai suna 1911 da fil ɗin bugu na zamani, farashi sama da dala 1,100. Tsarin ya burge kowa. Amma ƙaramin kamfani ne a Texas da ya dogara da wasu su sassaƙa masa sassa. Da aka sami saɓani da mai kawo sassan, bindigogin da aka aiko gyara suka maƙale, kamfanin ya rushe a 2019. Waɗanda suka saya suka rasa garanti da kayan gyara. Daniel Defense ta sayi tsarin ta sake fito da ita a 2024. Darasin da masu saye suka ɗauka shi ne a jira sabon kamfani ya shekara biyu ko uku tukuna, wannan jiran kuma shi ke kashe sabon kamfani, don ba shi da jarin da zai jira.

DanDamagaram:
To in kuskure ɗaya na kisa, ya SIG ta tsira? A Agustan 2017 aka nuna P320 na iya tashi in ta faɗi ta wata kusurwa, har kamfanin ya buɗe shirin sauya sassa kyauta. Bayan nan ga ƙararraki a kotu kan zargin tana tashi ba a taɓa kunama ba, ko da yake kamfanin na musantawa. Amma har yau tana cikin manya.

Hajiya_Lissafi:
Domin a Janairun 2017 ta riga ta ci kwangilar sojan Amurka ta M17 da M18, wadda darajarta za ta iya kai dala miliyan 580, ta maye gurbin Beretta M9 da ke aiki tun 1985. Mai wannan kwangila a hannu yana da kuɗin da zai karɓi bindigogi ya sauya kunama da sassan ciki ya mayar kyauta. Hudson ko Caracal ba su da wannan ƙarfin a Amurka. Babban kamfani yana yin kuskure ya biya, ƙarami yana yi ya rufe.

Kuma a lura, Glock ta kai ƙara gaban ofishin binciken kuɗin gwamnati, GAO, aka yi watsi da ƙarar a Yunin 2017. Takardun sun nuna tayin SIG ya gaza na Glock da kusan dala miliyan 100. Wato dabarar da Glock ta yi wa Smith & Wesson a shekarun 1980 ita aka yi mata: a karya farashi a kwangilar hukuma, a ci riba a kasuwar farar hula.

Baban_Ilham:
Ni ban yarda cewa ƙofa a rufe take ba. SIG P365 ta fito a Janairun 2018 da harsashi 10 a jikin da a da 6 ko 7 yake ɗauka. Sirrin yana gidan harsashin: jeri biyu a ƙasa, ya tsuke ya koma ɗaya a sama. Nan take masu kube suka bi ta, don babu wani abu kamarta. Springfield ta biyo da Hellcat a 2019 mai cin 11, Smith & Wesson ta fito da Shield Plus a 2021. Glock 43X ta 2019 tana cin 10 amma da mariƙi mafi tsawo, har wani kamfani, Shield Arms, ya yi mata gidan ƙarfe mai cin 15. A wannan rukunin Glock ce ke bin baya. Abin da Walther da CZ da Beretta APX da FN 509 suka yi shi ne sun kawo wata Glock 19 da ta ɗan fi kyau. Wanda ke da Glock 19 ba ya buƙatar ta biyu.

Sarkin_Saiti:
Daidai, kuma Hellcat ɗin ma ba a Amurka ake ƙera ta ba, HS Produkt ne ke yi a Karlovac ta Kuroshiya. Tun kafin Hellcat, da sunan HS2000 aka fara shigo da wata bindigarsu ba ta yi wani tasiri ba. Da Springfield Armory ta karɓi shigo da ita ta sa mata suna XD, da hanyoyin rarraba kayanta da garantinta, sai ta yi kasuwa. Bindiga ɗaya, masana'anta ɗaya. Nan kam Bakatsine na da gaskiya, suna da hanyar rarrabawa na aiki.

Bakatsine_92:
Madalla. Wani ya yi mana bayanin hanyar rarrabawar, don na ga ana yawan ambatonta.

Mai_Shago_Kwari:
Hawa uku ne. Kamfani ya sayar wa manyan 'yan sari irin su Lipsey's da Davidson's da RSR da Sports South, su kuma su sayar wa shaguna masu lasisin tarayya. Tun a hawan farko akwai harajin tarayya na kashi 10 cikin ɗari a kan ƙananan bindigogi. Ribar mai shago a sabuwar bindiga siririya ce, abin da ke riƙe shi kube ne da harsasai da fitila da tsoffin bindigogi. Don haka yana son abin da zai bar kanta cikin mako biyu, ya kuma ja cinikin kayan haɗi. Bindigar da za ta yi wata shida a gilashi jarinsa ta danne. In ta daɗe, 'yan sari su karya farashi don su rabu da ita, wanda ya saya da tsada jiya ya ga darajar tasa ta zube. Glock kuwa tsohuwarta ma ba ta faɗuwa sosai, kuma mai saye ya san haka. Sannan yaron shago abin da ya sani yake nuna wa sabon mai saye, kuma wuraren koyon harbi abin da ke jure haya suke ajiyewa. Sabon shiga da Glock ko M&P yake fara harbi, sabo kuwa turken wawa ne.

Ummu_Sadiq:
Akwai shingen doka da ke kan na waje kaɗai. Dokar 1968 ta sa duk ƙaramar bindigar da za a shigo da ita sai ta ci maki 75 a ma'aunin hukumar ATF mai kula da harkar makamai, ana duba tsawo, nauyi, girman harsashi, irin saiti da makullan kariya. Tsayinta daga sama zuwa ƙasa kada ya gaza inci 4, tsawonta daga gaba zuwa baya kada ya gaza inci 6. Wannan ne ya hana Walther PPK shiga har aka haɗa PPK/S. Ita kanta Glock ba ta iya shigo da masu cin .380 ba, sai da ta ƙera Glock 42 a Jojiya a 2014. Kamfanin da ba shi da masana'anta a Amurka an takura shi a rukunin 'yan ƙanana, inda ciniki ya fi yawa. Kwangilar soja ma tana son a ƙera a cikin ƙasa. Shi ya sa Beretta da FN da SIG duk suka kafa masana'antu can.

Kalifoniya kuma na da jerin bindigogin da aka yarda a sayar. Daga 2013 sharaɗin cewa sai bindiga ta riƙa buga lamba a kwanson harsashi in an harba ya hana sababbin samfura shiga jerin har tsawon shekara goma. Waɗanda ke ciki tun da, irin su Glock ƙarni na 3, suka ci kasuwar jiha mafi yawan jama'a ba abokin takara sabo.

Injiniya_MK:
Game da Walther da Bakatsine ya fara da ita: P99 ta fito a 1997, PPQ a 2011, amma har 2012 Smith & Wesson ce ke shigo musu da kaya, kamfanin da ke da tasa M&P tun 2005. Sai daga baya suka kafa nasu reshen a Fort Smith ta Arkansas. Shekarun da ya kamata su kafu sun tafi. Ga kuma maɓallin sakin gidan harsashi. Na P99 da PPQ ta farko ɗan fiffike ne a gindin zoben kunama, Ba'amurke kuma ya saba da maɓallin babban yatsa tun zamanin 1911. Sai a 2013 suka yi PPQ M2 mai maɓalli. HK ta maimaita haka da VP9 a 2014, daga baya ta fito da mai maɓalli. Steyr kuma saitinta mai siffar alwatika ne, ba irin wanda aka saba ba. A fasaha babu laifi a ɗayansu, amma malamin harbi da ke koyar da mutum ashirin ba zai sauya darasinsa don mutum ɗaya ba.

DanDamagaram:
Wai mu nan ya abin yake? Akwai irin wannan gasar?

Hajiya_Lissafi:
Babu kasuwar farar hula irin wannan. A Najeriya dokar makamai ta 1959 ta sa ƙananan bindigogi cikin rukunin da aka haramta sai da lasisin shugaban ƙasa. Saye na hukumomi ne, ta kwangila. Kuma ko a Turai hoton daban yake: 'yan sandan jihohin Jamus da dama Walther da HK suke riƙewa, na Holan Walther P99, na Faransa SIG SP2022 tun 2003. CZ Shadow 2 kuma ita ke mulki a gasar harbi ta IPSC, har kamfanin CZ ya sayi Colt a 2021. Wanda muke kira mai fama a Amurka sarki ne a wani wurin. Sai dai Glock ta ci sojan Birtaniya a 2013 da na Faransa a 2020.

Baban_Ilham:
Hanya ta biyu bayan ta P365 ita ce farashi. Canik ta Samsun a Turkiyya ta shigo da TP9 ta hannun Century Arms a ƙasa da dala 400, cikin akwatin har da kube da gidan harsashi biyu. Wato ta magance matsalar da AbuHanif ya faɗa tun daga akwati. Taurus ma, bayan sulhun ƙarar gama-gari da ta shafi bindigogi kusan miliyan ɗaya, da G2c da G3 masu arha ta farfaɗo.

AbuHanif:
Akwai ta uku, kuma ita ta fi nuna girman matsalar. Da haƙƙin mallakar tsarin Glock ƙarni na 3 ya ƙare, kamfanoni suka daina faɗa da ita suka shiga gidanta. Palmetto State Armory ta yi Dagger a wajen dala 300, Shadow Systems ta yi masu tsada, Ruger da Magpul suka fito da RXM a ƙarshen 2024. Duk suna cin gidan harsashin Glock, suna karɓar yawancin sassanta da saitinta. A 1994 da Smith & Wesson ta yi Sigma, Glock ta kai ta kotu aka sasanta a 1997. Yau kwaikwayon halal ne. Ruger tana da tata American Pistol tun 2015 ba ta je ko'ina ba.

Sarkin_Saiti:
Sabon fagen yanzu madubin saiti ne. Kowane kamfanin madubi da irin ramukan kusoshinsa: RMR daban, RMSc daban, DeltaPoint Pro daban, ACRO daban. Glock MOS, wato samfurinta mai karɓar madubi, faranti take amfani da shi tsakanin silayid da madubi, kuma in kusoshi suka yi tsawo ko ba a ɗaure su da ma'auni da man riƙe kusa ba, madubin na kwancewa. FN ta yi tsari mai kyau a nan, kuma da 509 MRD-LE ta ci kwangilar 'yan sandan Los Angeles a 2021. Runduna da za ta koma madubi dole ta sauya kube ko ta tsaya a Glock ko ba ta tsaya ba, don haka kaso babba na lissafin Hajiya ya faɗi.

Bakatsine_92:
Wannan batu na ƙarshe ya ja hankalina. Hajiya, in kube ya fita daga lissafin, nawa ya rage na kuɗin sauyi? Kuma Malam Sarkin_Saiti, PDP da aka tsara ta don madubi tun 2021, me ya hana ta cin kwangilar da FN ta ci?

Hajiya_Lissafi:
Gidajen harsashi da kayan gyara da kwas ɗin masu gyara suna nan. Horo kuwa za a yi shi ko yaya, tunda koyon madubin kansa yana cin kwana biyu ko fiye. Ratar ta ragu sosai, amma mai yanke hukunci zai tambayi wace babbar runduna ce ta riƙe bindigar shekara biyar ba matsala, kuma FN ta daɗe tana ƙera wa sojan Amurka makamai a South Carolina. A lokacin Walther ba ta da wannan shaidar a can.